Akwati Mai Numfashi

Ƙarfe biyun dare a filin jirgin Ivato.
Tsiresy ya tafi neman shayi,
ya bar ni da na'urar leƙen kaya
da wani shuɗin akwati da ya zo a makare.

A allo na ga duwatsu jere kamar ƙwai.
Shekara goma sha ɗaya ina aikin kwastan,
ban taɓa ganin dutse ya janye ƙafa ba.

Na zuge akwatin.
Wari ne ya fara gaishe ni.
Safa, safa, safar yara,
kowace da ɗan kunkuru a ciki,
an naɗe shi da salatif har wuya,
bayansa ɗauke da taurarin nan rawaya
da Allah ya zana bai nemi shawarar kowa ba.

Ɗari biyu da goma sha uku.
Tara sun riga sun sauka
tun jirgi bai tashi ba.

Mai kayan sunanta Fenosoa,
ɗalibar jinya, sabon takalmi na cizon ta.
"Wani ne ya ce in kai wa ƙanensa tsaraba."
Wane ne wani?
Lambar waya ce da ta mutu tun ƙarfe ɗaya.
Kullum ɓarawon tsaye muke kamawa,
na zaune na can yana juya cokali a kofi.

A bangon ofishinmu akwai takarda cikin gilashi.
Ƙasashe sun zauna, sun sa hannu,
sun raba halittu aji-aji:
wannan sai da izini, wancan ko da wasa.
Kunkurun nan na aji na farko
tare da manyan dawan da bai taɓa gani ba.
An rubuta masa dogon suna na masana
wanda ko an kira shi da shi ba zai leƙo ba.

Mu a kudu, a Androy, ƙasar ƙaya,
sokake muke ce masa.
Kakata ba ta san riƙon biro ba,
amma in ta tarar da shi a hanyar rijiya
takan ratse da tulunta, ta bar masa hanya.
"Ba a ci, ba a taɓa."
Ba hatimi, ba tara, ba ɗan sanda.

Sai sama ta riƙe ruwanta, shekara bisa shekara.
Yunwa ba ta karanta yarjejeniya,
ba ta kuma jin kunyar kakanni.
Na san yaron da ya tsinto su, ko ban san shi ba:
tafin ƙafarsa duk ƙaya,
gwangwanin shinkafa biyu a kan kowane kai.
A ƙetare, in ji Tsiresy, guda ɗaya ya sayi babur.
Tsakanin gwangwani da babur
akwai hannaye da yawa, duk a wanke tas.

Muka zauna dirshan da almakashi.
Fenosoa, da ankwa a hannu,
ta ce, "Ba haka ake ɓare salatif ba, za ki ji masa ciwo."
Na miƙa mata.
Har asuba tana tsoma su a ruwan ɗumi,
tana kuka ba sauti.

Fom ɗin na tambaya: nau'i, adadi, inda aka nufa.
Babu layin da za a rubuta
wace inuwa ce ta wayi gari ba kowa a ƙarƙashinta.

Wani ƙarami, bai fi kwalin ashana ba,
da na ajiye a gefen tebur,
ya fito da kai, ya taka takardar
a hankali, kamar mai binciken kuskure,
ya bar jiƙaƙƙen sawu daidai wurin sa hannu.

Na ɗaga biro, na jira ya wuce.
An ce sannu ba ta hana zuwa.
Kudu ya nufa.
Ko kuwa ni ce na so haka.