Mako na Takwas a Tsibirin Takile

Ban faɗa wa kowa ba.
Titikaka kaɗai ya sani,
shi da ya karɓi aman da na yi ran Laraba
daga gefen kwale-kwalen Fermin,
ya rufe da kumfa, bai ce uffan ba.

Kifin da na tashi da shi tun ina rarrafe,
yau ƙarninsa ke kora ta daga madafa.
Miyar kinuwa ma sai na toshe hanci.
Dubi iko, ɗan tayi:
ba ka kai ƙwayar wake ba,
ka riga ka sauya wa gida tukunya.

Basilia ta ɗakin shan magani
ta zuba min ƙwayoyi a tafin hannu.
"Wannan folik asid, wannan na ƙarin jini.
A makonnin farko ake ɗinke bayan yaro,
kamar yadda kike haɗa bakin ɗamara a masaƙa.
Zare ɗaya ya kuɓuce, gurbin ya zauna.
Da ma tun kafin ɓatan wata kika fara."
Na ce, wa ke shimfiɗa wa baƙon da bai aiko ba?
Ta ce, "Wadda ta bar ƙofa a buɗe."

Daren nan ban runtsa ba.
Na yi ta ƙirga baya da yatsu:
me na ci a mako na huɗu?
Busasshen dankali, safe da yamma,
sai ruwan zafi.
Da shi kaɗai aka saƙa maka laka?
Na bara a mako na tara ya juya,
ban ko san ko mace ce ba.

Kaka Dominga ba ta tambaya.
Ranar bikin shuka ta zare ƙoƙon giyar masara
daga hannuna, ta miƙa wa maƙwabciya,
ta ci gaba da hirarta.
Da safe na tarar da dafaffen ƙwai a akushina,
da wake, da ɗanyen ganye mai duhun kore.
Buhun da nake hawa da shi daga bakin ruwa,
matakala ɗari biyar da 'yan kai,
ta ce wai bayanta ne ke son motsi.
Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya!

Awa uku muka yi a ruwa kafin Puno.
Likita ta shafa min mai mai sanyi,
ta juyo da allon wajena.
Duhu. Toka-toka. Duhu.
Sai ga wani ɗigo yana ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf,
kamar fitilar masunci can tsakiyar tafki,
wadda ba ka ganin mai ita
amma ka san da mutum a wurin.
"Zuciya ce," in ji ta.
"Ta ninka taki sauri.
Yatsu ba su gama rabuwa ba,
suna nan kamar ƙafar agwagwa."
Na yi dariya har allon ya girgiza.

A garinmu maza ke saƙa hula.
Da muka dawo, ina neman ashana a aljihun Fermin
na ci karo da wata, rabi aka kai,
ja da fari, ba ta wuce dunƙulen hannuna ba.
Na ce, kai, kan da zai sa ta
ko ƙashi bai yi ba tukuna.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Ulu ba ya ruɓewa."

To, ga ni bakin murhu kafin rana ta hau dutse,
gutsuren busasshen burodi a hagu
don lallashin ciki,
ƙwaya a dama.
Zan haɗiye.
In ta dawo, zan jira, in sake gwadawa da rana.
Kai dai ci gaba da saƙarka a duhu,
ni ce mai miƙo zare.