Rajistar Aji Biyar

Ni ke kiran suna a aji biyar,
a wata sakandare can ƙasan Mabera,
inda dogonyaro ke ara mana inuwa
in rana ta fara gasa kwanon rufi.

Lawali Ɗanjuma.
"Ga ni, Malam."
Wata uku ina rubuta ya zo,
ashe gangar jiki kaɗai ke zuwa.

Yaron da ke riga ni warware lissafi
ya koma kallon allo kamar mai leƙen rijiya.
Rigarsa ta yi masa yawa.
Kuɗin tara sai ya miƙa wa Sahabi, wai ba ya jin yunwa.
Na ce lalaci ne, na sa shi tsallen kwaɗo
har ƙofar ofishin shugaba.
Ya yi, ko hawaye babu.
Rashin kukan nan ya kamata ya firgita ni.

A gida an yi hayaƙi, an wanke allo ya sha.
Kawunsa ya ce ƙoshi ne:
"Mi yaro yas sani na damuwa,
shi da ba shi biyan haya?"
'Yan aji kuwa, in ya gifta, sai raɗa:
"Wanga sai Kware."
Su yi ta dariya. Ni ma na taɓa murmusawa.
Allah Ya yafe mini wannan murmushi.

Akwai wani ɗaki bayan laburare,
an rubuta Ofishin Shawara da shuɗin fenti.
Na leƙa ta taga:
karyayyun kujeru, buhun siminti da ya daskare,
akuyar maigadi ta haihu a lungu.
Mabuɗin na aljihun wanda ya yi ritaya.

Daren jiya, an ɗauke wuta,
ina duba takardun jarabawa da fitilar waya.
Tambaya ta huɗu: nemo adadin da ya ɓace.
Lawali bai nemo komai ba.
Can ƙasa ya rubuta, ƙanana kamar sawun tururuwa:
"Malam, kaina ba shi yin shiru da dare.
Ban san wa zan gaya ma ba."

Jan biro na hannuna.
Maki nawa ake ba wannan amsa?
Shekara uku a kwalejin malanta,
ba wanda ya nuna mini.

Gobe zan kira suna.
In ya ce "Ga ni,"
zan rufe rajista, in ja benci gindin dogonyaro,
in ce, "Ina kake, Lawali?"
Sannan in kama bakina,
ko za a kaɗa ƙararrawa sau biyu.