Takardar da Aka Kwantar

Ranar Talata, a kotun Adum,
alƙali ya ce kada a ƙara taɓa filin Baba,
ko shebur, ko bulo ɗaya.
Na fito riga ta manne a baya,
na sayi ruwan leda biyu, na sha ɗaya,
ɗayan na juye a ka.
Cikin mota har Aboabo
takardar na ƙirjina kamar jinjiri.

Kwana goma sha tara ta yi ido biyu.

Sai Alhaji Issaka ya ɗaukaka ƙara.
Lauyansa ya roƙi a jingine umarnin
har manyan alƙalai su zauna.
Wai siminti ba ya jiran kowa,
buhu ɗari uku za su daskare a damina,
wai leburori na da bakin ciyarwa.
Aka duba, aka gyaɗa kai, aka buga hatimi.

A matakala Lauya Ofori ya dafa kafaɗata:
"Fusaini, ba a kashe takardarka ba,
kwantar da ita aka yi."
Na ce barcin wata nawa?
Ya kalli agogo, ya ce kotu za ta hutu.

Yanzu daga bakin shagon ɗinkina
bulo nake ƙirgawa.
Litinin layi huɗu.
Juma'a, da muka sauko masallaci, bakwai.
Maginin ma Yahuza ne,
ni na ɗinka masa rigar angonci.
Yana gaishe ni, idonsa na kan igiyar awo.

Baba da kuɗin goro ya sayi wurin nan,
ya kai gaisuwa gaban mai kujera,
aka dangwala yatsa.
Gara ta ci kusurwar shaidar,
daidai inda aka rubuta iyakar gabas.
Da na kai ta kotu, sai da magatakarda ya ɗaga ta a haske
yana leƙena ta cikin hujin.

Mangwaron da ke tsakiya, jiya suka sare.
Ba a rubuta shi cikin ƙara ba,
don haka ba shi da lauya.

An ce in yi haƙuri, gaskiya ba ta ruɓewa.
To.
Amma kafin a kira sunana
za a ɗora kwano, a ja wuta,
wata za ta kama haya, ta ɗaura igiya,
ta shanya zanen goyo.
Ran da na yi nasara,
da wane baki zan ce a rushe ɗaki
jariri na barci a ciki?

Da dare nakan buɗe gwangwanin maɓallai,
in zaro ta, in miƙar da lanƙwasarta.
Hatimin na nan, ja wur.
Ba ta motsi.
In mayar, in rufe a hankali.

Da safe, layi na goma sha ɗaya.
Sun bar gurbin taga
tana kallon kekena.