Jan Layi

A ɗakin karatu na Crewe, ranar Talata, ana yayyafi,
na zauna gaban na'ura, tabarau a kan karan hanci,
ina laluben kakan mahaifiyata a ƙidayar mutanen da.

Alif ɗari takwas da tamanin da ɗaya:
Jabez Pickerill, shekara tara, ɗan makaranta.
Su goma sha ɗaya a ɗaki uku.
Malamin ƙidaya ya cinye masa harafi guda.
Ko sanyi ne ya kama masa yatsu,
ko uwar ce ta faɗa tana wanki, ba ta ko waiwayo ba.

Bayan shekara goma na tsince shi
ɗan haya a gidan wata gwauruwa,
sana'a: goge injin jirgin ƙasa.
Takarda ba ta da wari,
amma sai da na shaƙi baƙin mai da toka.

Wata goman kuma, ba shi ba alamarsa.
Keziah kaɗai, "matar aure", da 'ya'ya uku.
Kwana biyu ina cin namansa,
na ce ya bi wata, ko kwalba ta ja shi.
Sai tsoho Ollerhead na kujerar gefe,
wanda ya ba dogo shekara arba'in da kunne ɗaya,
ya ƙyalƙyale:
"Daren Lahadi ake ƙirge, baiwar Allah,
jirgin dare kuwa ba ya jiran akawu.
Yana can hanyar Carlisle yana ɗura wa wuta kwal."
Na sunkuyar da kai. Na nemi gafarar mamaci.

Ta ƙarshen da hannunsa ya cika ta,
rubutu karkatacce, na wanda shebur ya saba wa tafi.
Haihuwa bakwai. Masu rai huɗu.
Lamba kawai aka tambaye shi,
shi ko ya jera su kaf, babba zuwa ƙarami:
Enoch. Tabitha.
Da wata da ba ta kai ga suna ba,
"jaririya, kwana shida".

Akawu ya zo da jar tawada
ya ja wa ukun layi.
Aikinsa ne, ban ga laifinsa ba.
Sai dai bai danna alƙalamin sosai ba,
har yau ana karanta su ta ƙarƙashi.

Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce, taga ta yi rawa.
Na ciro littafin adireshi na mahaifiyata,
na buɗe shafin baya inda babu kowa,
na kwafe su a hankali, da baƙar tawada.