Shatin Yatsu a Jikin Tubali

Garmar Kawu Nomau ce ta tono shi
a gonarmu ta Kufan Jarmawa, gabas da Ringim,
inda kunya ke hawa tudu ba dalili.
Jan tubali, da shatin yatsu huɗu a jikinsa.
Na ɗora hannuna. Nawa sun fi girma.
Mace ce, ko yaro.

Kawu ya ce, "Nan ganuwa ta bi."
Ya furzar da goro, ya koma bayan shanu.

Gida bakwai ne, in ji tsofaffi,
kowa da dajinsa, kowa da tsafinsa,
ba mai gaida wani sai a bakin rijiya.
Sai shekarar da mahara suka kwashe rumbu uku
da ɗan Tunau mai kiwon awaki.
Aka buga gangar gayya.

Maƙera suka kwana suna koɗa galma,
mata suka jera tuluna tun daga rafi,
masu cuɗa ƙasa suka yi kirari har murya ta dushe.
Rani tara.
Wanda ya aza tubalin fari
bai ga an kafa ƙyaure ba.

Akwai Korau.
Shi bai ɗauki ƙasa ba, kafaɗarsa ta goce tun yana yaro.
Igiya aka ba shi, ya auna rabon kowane gida.
Shi ke cewa naku ya kai, naku da saura,
shi ke raba faɗa in an ɗebi lakar wani.
Da aka gama, ƙofa ɗaya ce,
dole wani ya ce yanzu a rufe.
Sai aka dubi mai igiya.

Bana ƙwaryar gero, don toshe ɓaraka.
Baɗi dami.
Jikansa ba a kama sunansa,
jikan mai tulu kuwa na durƙushe a zaurensa.

Ban ce zalunci ba ne. An yi barci a ciki,
yara sun girma ba su san gudun dare ba.
Ban kuma ce a banza aka samu ba.

Yau ganuwar ta kwanta, gyaɗa ke bisa kanta.
Gidan Korau ko kuka ba ta tsaya masa shaida ba.
Ramin da aka haƙi ƙasar ne ya rage,
kududdufi, yana riƙe ruwa har tsakiyar rani,
yara na wawason tarwaɗa a ciki,
ba mai tambayar jikan wa.

Kawu na kira, rana ta take.
Na mai da tubalin inda yake,
yatsun na kallon ƙasa.