Uku Bisa Ashirin

A ofishin sufeto, can wajen Birni,
fanka ta mutu, takardu uku kan tebur.
Ɗaya daga Yamai, da hatiminta,
ɗaya na son lantarkin da ba mu da shi,
ta ukun ta ce a maido yara ran Laraba da la'asar.
Ita muka ɗaga wa hannu,
don ba ta cin ko dala.

Sha bakwai na rubuta, tara suka zo.
Tsahiru a bencin baya,
wando jiƙe da ruwan bido,
uku bisa ashirin a jarrabawarsa.
Na zana rabawa a allo,
ya dube ta kamar katanga.

Na ajiye alli.
Tamma ɗari da saba'in da biyar, dala nawa?
Talatin da biyar, Mushe.
Ko kai bai ɗaga ba.

Litinin sufeto na jiran rahoto.
Gurbi biyu ne: ya gane, bai gane ba.
Ina zan sa yaron
da ke raba biyar tun asuba
a bakin famfon Garin Malam,
ba wanda ya taɓa ce masa
wannan ma lissafi ne?