Fitila Ruwan Ɗorawa

Bayan Kumo ta kama, ina tafe da buhun wake uku,
'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari,
mai siffar injin da yaro zai zana a ƙasa.
Ba hayaƙi, ba ƙara, ba ƙauri.
Mota na tafiyarta kamar ba da ita ake ba.

Na tsaya gindin wata maina na buɗe bonet.
Me na sani? Na zaro sandar baƙin mai na goge,
na leƙa ruwa, na taɓa kan batir,
na yi irin kallon da ake yi wa rubutun likita.
Na rufe. Na tayar.
Tana nan, ido ɗaya, ba ƙiftawa.

Kwana goma sha ɗaya muna kallon juna.
Wani a Pantami ya ce fulogi ne, na sayi huɗu.
Wani ya ce man 'yan bumburutu na sha a galan.
Buba tela, maƙwabcina, ya ce kai dai da neman wahala,
liƙa mata baƙin salatif, tawa shekara biyu ke nan.
Na liƙa.
Da dare hasken ya riƙa tsiyayowa ta gefe.

Ran Talata na kai ta Tashan Dukku wajen Baba Manga,
wanda ya riƙe Fijon mahaifina har ta ga jikoki.
Ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji,
ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido.
Ya ce, a kunnena lafiyarta lau.
Amma motocin yanzu ba sa kuka da baki,
ƙorafinsu a rubuce suke ajiyewa.
Ya ƙwala kira: Njidda!

Yaron ya zo da na'ura kamar tafin hannu,
ya durƙusa ya soka wayarta ƙarƙashin sitiyari,
a wata kafa da na yi shekara shida ban san da ita ba.
Harafi ɗaya ya fito, lamba huɗu na bin sa.
Ya ce, hancin da ke shinshinar hayaƙi a salansa,
shi ne ya yi shiru.
Sabo dubu arba'in, ɗan Kwatano ashirin da biyar.
Na fara ƙirga wake a zuci, tiya-tiya.

Baba bai tanka ba. Ya jawo kwali,
ya kwanta ya shige har sai ƙafafu,
silifa ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Can sai dariya ta riga shi fitowa.
Na'ura ta ce hanci ya yi shiru,
ba ta ce ya mutu ba!
Ya miƙo guntuwar waya, an gaigaye ta har tagulla,
ga kashin ɓera, ga ɓawon wake a tafinsa.
Malam, fasinja ka ɗauko bai biya kuɗin mota ba.

Suka haɗa, suka naɗe, Njidda ya danna.
Fitila ta mutu.
Dubu biyu, da na shayin yaro.
Baba na ɓare salatif ɗina da baƙin farce
ya ce, wannan kuma wa ya koya maka?
Na rufa wa Buba asiri.

A hanyar gida, dab da shataletale,
abin nan ya sake tsikarar ƙasan haƙarƙarina na hagu,
wanda tun azumi nake ce wa Gambo kwanciya ce ba daidai ba.
Takardar gwajin asibiti na cikin aljihun mota,
ninki huɗu, ƙarƙashin rasit ɗin fulogi.
Gaban sitiyari duhu, tsaf, ba mai kallona.
Gida ta hannun dama yake.
Na sa hannu a kan sigina ban danna ba,
ɗan adaidaita a bayana
ya kwanta a kan hon.